Gorar Laraba

Ni ba likita ba ne, ɗan acaɓa ne ni.
Ran Laraba nake ɗaukar Sista Namukose
daga ƙofar asibitin Kamuli
zuwa inda kwalta ta gaji ta koma gida,
mu bi jar ƙasa tsakanin gonakin rake
har ƙarnin kifi ya ce mana ga tafkin Kyoga.

Jakarta ba nauyi.
Auduga, almakashi, littafi mai baƙin bango,
sai gorar roba irin ta ruwan sha
da wani koren ruwa a ciki.
Na taɓa tambaya. Ta ce, "Mofin ne. Kula da ramuka."

Tsoho Kirunda masunci ne, ko in ce a da.
Ciwon daji ya faro daga mara ya shige ƙashi.
Wata huɗu yana ihu, in ji matarsa,
har jikoki suka koma kwana a maƙwabta.
An sayar da koma, an sayar da akuya biyu,
an je Jinja, aka ce su koma gida, ba abin yi.
Sista ta tsani maganar nan.
Ta ce rashin warkewa daban, rashin abin yi daban.

Ɗansa Mpaata ya tare ƙofa.
Ya ji an ce koren ruwan nan
shi ake ɗura wa wanda aka gaji da jinyarsa.
Ba ta yi musu ba, ta zauna kan kututture.
"Mutuwa tana hanya," ta ce. "Ban kira ta ba,
ban kuma isa in kore ta ba.
Abin da na iya, in hana ta cizo kafin ta iso."
Tsoho ya yi ƙara daga ɗaki.
Yaron ya kauce.

Sirinji ba allura, ɗigo a gefen baki.
Na tsaya waje ina goge madubin babur
wanda na riga na goge sau biyu.
Kafin inuwar ayaba ta taɓa taya
gidan ya yi tsit.
Gabana ya faɗi, na leƙa.
Barci yake, har da minshari,
matarsa na kallonsa kamar wanda ya dawo daga tafiya.

Da Laraba ta zagayo, a waje muka same shi,
ya rame kamar sandar tuƙi,
yana yi wa Mpaata faɗa kan ƙullin raga.
Ya ci rabin kifi.
Ya lissafa masu bin sa bashi da waɗanda yake bi,
ya yafe wa biyu, ya ƙi yafe wa na uku.
Ya tambaye ni kuɗin litar mai,
na faɗa, ya ce gara shi da zai tafi.
Muka yi dariya, shi ma ya yi, yana dafe da ciki.

Laraba biyar ya samu.
A ta huɗu ruwa ya ci gada,
muka tura babur cikin taɓo har gwiwa,
Sista ta ɗora jakar a ka.

Ta shida, sabon tudun ƙasa ne bayan ayaba.
Mpaata ya fito da gorar, saura yatsa biyu.
Sista ta auna, ta rubuta a baƙin littafi,
ya sa hannu, amma bai tashi ba.
"Akwai wata a ƙetare," ya ce.
"Da dare ina jin ta daga kan ruwa.
Babur ba ya zuwa can."

Na kafe babur a gindin mangwaro.
Ni fa ban iya iyo ba, ban gaya wa kowa ba.
Na shiga kwalekwalen tsoho Kirunda,
Sista ta miƙo mini gorar,
na matse ta tsakanin gwiwoyina.